Giɓin Kan Iyaka

Ni mace ce mai saurin fargaba, kuma kowa a danginmu ya san haka. Idan yaro ya makara daga lakwal, wato makaranta, kafin ya iso na riga na kai shi likita a zuciyata, na zauna a gindin gadonsa, na dawo da shi. Saboda haka ranar da na fara maganar giɓin da ke digin Jiratawa, babu wanda ya ɗaga kai. Cewa aka yi halin nawa ne ya motsa.

Digi shi ne dogon tudun ƙasar da ya tsaya tsakanin garake da Gulbin Maraɗi. Da rani gulbin ba shi da komai sai yashi, amalanke na ratsa shi, awaki na kwance a tsakiyarsa. Da damina kuwa sai a yi hattara. Ruwansa daga kudu yake tahowa, daga ƙasar Katsina, kuma ba ya jiran hadarinmu. Rana na dukan mutum, sama fes, sai ka ji ana cewa gulbi ya kawo. In ya sami ƙofa ya shiga garka, ba ruwan ake tsoro ba, don ruwa yana janyewa. Yashin da yake bari ake tsoro, wanda yake binne baƙar ƙasa har ta daina fid da ko ciyawa.

Garkar Baba tana nan gindin digin, a kwari. Akwai mangwaron da ya dasa tun ban iya tafiya ba, da gwaiba, da layukan zogale, da fangulan albasa da tattasai. Da ƙuruciya ya yi fataucin yadi, amma tun da Inna ta rasu bai ƙara taka kasuwa ba. Garkar ce take tashe shi da safe, ita take mayar da shi gida da yamma a gajiye har ya iya barci. Na sha tarar da shi yana yi wa itacen mangwaro faɗa don ya zubar da fure. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma na san in garkar nan ta tafi, Baba ma ya tafi, ko da yana zaune a gabanmu yana amsa gaisuwa.

A gabana aka yi digin, ina yarinya. Gayya aka kira. Maza suka kakkafa itace a bakin gulbi, aka saƙa ƙaya a tsakani, mata na jido ƙasa a kwando da tsohon kwano, samari na daɓewa da ƙafa, makaɗi na bin su yana zuga. Mu yara aikinmu kai ruwan sha da shan tsawa. A shekarar farko gulbi ya ɗauke rabinsa, aka sake. Haka aka yi ta yi, yana gutsura ana mayarwa, har tudun ya yi ƙwari ciyawa ta rufe shi. Daga baya gayya ta mutu, samari suka bazu birni, sai dattawa suka yanke cewa kowa ya gyara gaban garkarsa. Aka shiga zamanin buhunan ƙasa, waɗanda rana ke cinyewa kafin shekara ta zagayo. Wani furoje na masu agaji ya zo ya sa gabiyo, wato ragar waya cike da duwatsu, a babbar kwanar da gulbi ya fi duka, ya yi tafiyarsa. Sauran digin ya rage a wuyan masu garake.

Maƙwabcin Baba a garka amininsa ne tun suna yara. Su biyu suka dasa gamba a kan iyakarsu, layi ɗaya tun daga ƙarshen garaken, ya hau digi, ya gangara har bakin gulbi. Muddin suna tare, gyara bai taɓa zama magana ba, don tare suke yi, babu mai duba inda kwandon wani ya zube. Sai na girma na auri ɗan aminin nan, kowa ya ce abu ya yi kyau. Bayan wasu shekaru tsohon ya rasu, garkarsa ta faɗo hannun maigidana. Maƙwabcin Baba ya zama surukinsa.

Maigida hatsi yake sayarwa a unguwar Sabon Gari cikin Maraɗi, inda muke zaune. Mutum ne mai murya. In yana faɗa da masu lodin kamiyo, manyan motocin kaya, daga ɗakin ɗinkina nake jin sa. Amma da ya hango Baba sai ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya kafa ido a ƙasa, muryar nan ta koma ta amarya. Baba kuma ya juya yana amsa wa itace gaisuwar. Bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "mutumin naku". Duk abin da ya wuce ina kwana da ina gajiya, ta bakina yake bi. Ni ce auta, ni ce mai baki, sai aka mai da ni ƴar aike tsakanin garake biyu da ko danga babu a tsakaninsu.

A wajenmu ba a sa hauya a gamban iyaka. Mai noma yana tsayawa kamar kamu guda kafin ya kai shi, na ɗaya gefen ma haka, don kada a ce wani yana cin ƙasar wani. A cikin garka wannan ba ya cutar kowa. A kan digi ne ya zama abin da ya zama. Kowace bazara Baba ya ƙara ƙasa a gabansa, ya zo kusa da gamba ya tsaya. Maigida ya ƙara a nasa, ya zo kusa da gamba ya tsaya. Sai kuma wata shekara ya raka kaya Kwatano, ya ga yadda aka jera manyan duwatsu suka miƙe cikin teku don su karya ƙarfin ruwa, jirage su tsaya lafiya. Ya dawo da zazzaɓin dutse. Ya sa aka saƙa masa ragar waya, kamiyo ya juye masa marmara, gabansa ya tashi sama da na da har ƙugun mutum. Baba kuwa ya yi ta jidon ƙasa da buhu har nasa ya kamo shi.

Ni na gano abin. Na kai wa Baba fura wata rana, na bi ta kan digi don in guje wa laka, sai na ga dole in sauka in sake hawa. Na tsaya na duba. Hagu tudun Baba, dama duwatsun maigida, a tsakani kuwa wani giɓi mai faɗin ƙofar zaure, yana nan yadda tsofaffin biyu suka bar shi, gamba na kaɗawa a ciki. Na ajiye ƙwaryar. Ba sai an yi karatu ba kafin a san inda ruwa zai bi, kuma garkar Baba ce a ƙasa.

Na same shi yana yankan zogale. Na ce, "Baba, kun ga ƙohwar da kunka bar ma gulbi kuwa?"

Ya ce, "Na gani. Kan iyaka ne."

"To a cike shi mana."

"Wa za ya cike? Ni? Uban mutumin naku ya rasu ya bar mini amana, kuma ga ɗiyata cikin gidanshi. In binne gamba, gobe a ce tsoho ya hwara cin ƙasar suruki da buhu? Ki hwaɗa ma mutumin naku, abin da duk ya gani shi ne daidai."

Na ɗauko saƙo na kawo Sabon Gari. Maigida na cin tuwo, ya tsame hannu ya dube ni kamar na ce ya mari liman.

Ya ce, "Ni in zuba dutse bisa abin da Baba ya dasa da hannunshi? Na nuna mishi aikinshi bai yi ba ke nan. Ki ce mishi ni yaro ne, abin da ya gani shi za a yi."

Na ce, "Shi ya ce abin da ka gani, kai ka ce abin da ya gani. To gulbi hwa, shi mi ya gani?"

Ya ce in bar shi ya ci abinci.

Na yi wannan zirga-zirga har masu kabu-kabu, ƴan babur ɗin haya na hanyar Jiratawa, suka san ni, suna ce mini hajiyar digi. Da na ga babu ci gaba, na tafi Tibiri wurin Gwaggo, yayar Baba, don ita kaɗai ce a duniya take iya yi masa tsawa. Na zayyana mata komai, har da zana giɓin a ƙasa da tsinke. Ta saurare ni tana gyaran wake, sannan ta ce, "Ke ɗiyar nan, kin samu uba mai kunya da miji mai kunya, kina kuka? Wasu da sanda suke raba iyaka. Tashi ki tahi gida, ruwa na Allah ne." Na fito ina jin haushinta, da su, da gamban gaba ɗaya.

Sai na ce to ni zan yi. Na nemo buhuna, na ɗauki felu, wato shebur, na sauka Jiratawa da tsohon zane. Yashin gulbi dai ba na kowa ba ne. Ban yi nisa ba Baba ya iso, ya riƙe ƙotar felun.

Ya ce, "Ke ta wa ce? In kin zuba, rabin gari su ce ni na aiko ki, rabi su ce shi. So kike ki ɓata abin da ni da ubanshi munka riƙe tun ba a haihe ki ba?"

Na ce, "Baba, garkarku nike ji."

Ya ce, "Na sani. Aje felun."

Na ajiye. Baba bai taɓa yi mini magana da wannan muryar ba, kuma kuka na yi har Maraɗi, mai kabu-kabu na tambaya ko rasuwa aka yi.

Damina ta sauka. Ban ƙara ɗinki mai kyau ba; na haɗa wa wata mata hannun riga a baibai, na yanka wa wata zane gajere. Ko'ina nake idona na kudu. Duk wanda ya shigo daga wajen Madarunfa sai na tambaye shi ko an yi ruwa can, har ƴan unguwa suka fara tsokanata da "gulbi ya kawo" don su ga na zabura. Gulbin ya kawo sau da dama, ya wuce ƙasa da giɓin, ya janye. Kowane karo maigida ya ce, "Kin gani?" Ni kuwa ban ga komai ba sai cewa an ƙara mana wa'adi. Abinci ya daina yi mini daɗi, na rame har zobe na juyawa a yatsana.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, babu ko ɗigon girgije. Wata mata ta zo gwajin riga, tana cewa da ƙyar ta ratso, mutane sun cika gada suna kallon ruwa, har da itatuwa yake tafe. Na saki allura. Ruwa sai ya wuce Jiratawa kafin ya iso Maraɗi, saboda haka in har ya cika a gada, to can ya daɗe da isa. Na kira maigida, salularsa na ta ƙara babu mai ɗauka. Na bar matar da riga a wuya na fita.

Na tare kabu-kabu, ban san yadda muka isa Jiratawa ba. Tun daga nesa nake jin rugugin gulbi. Digi ya cika da mutane, kowa na fama da gabansa, ana ihu ana miƙa buhu. Na ruga har kan iyaka, sai na ga abin da har yau in na tuna nake rasa ko dariya zan yi ko kuka. Baba na tsaye a kan tudunsa, a bayansa tarin buhuna cike, a ɗaure. Maigida na tsaye a kan duwatsunsa, babu takalmi, shi ma ga tarin buhuna a bayansa. Ashe kowannensu ya daɗe da shiryawa a ɓoye, yana jiran ɗayan ya fara. Jan ruwa na lasar bakin giɓin, su kuwa suna ta girmama juna.

Maigida ya ce, "Bismilla, Baba."

Baba ya ce, "A'a, ku hwara."

"Ai ba ni shiga gabanku, Baba."

Na kurma ihun da ban san ina da shi ba. Na kama buhu, ban ma duba na wa ne ba, na kasa ɗagawa, na ja shi a ƙasa, muka gangara ni da shi cikin giɓin. Ruwa ya kama ni a gwiwa, sanyi ƙalau, yana ja. Sai a nan suka manta da kunya. Maigida ya diro ya fizge ni ya tura sama, Baba ya fara jefa buhu, shi yana tarewa yana dannawa da ƙafa. Kafaɗunsu na gugar juna, Baba na cewa "nan, nan," shi yana cewa "kawo." Na zauna a kan dutse ina cewa a raina an tsira.

Ba a tsira ba. Tsohuwar ƙasar giɓin ta riga ta jiƙe har ciki. Na ga buhunan sun nutse gaba ɗaya, gamban ya kwanta, sai ruwa ya ɓullo ta ƙarƙashi. Duwatsun maigida ko motsi ba su yi ba, sai ma suka karkato da ruwan ya daki tudun Baba, ya shiga cin sa loma-loma. Ƙasa ta zame a ƙarƙashin ƙafar Baba. Maigida ya sure shi, ya saɓa shi a kafaɗa yadda yake saɓa buhun gero, ya haye da shi kan duwatsu. Daga nan muka tsaya mu uku muna kallon gulbi na shiga garkar, ya kwantar da zogale, ya rufe fangula, ya kewaye mangwaro. Garkar maigida tana kan tudu, gefenta kawai ruwan ya taɓa.

Da ruwa ya janye, yashi ya kai gwiwa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, fari fat. Baba ya zagaya sau ɗaya, ya ce, "Haka Allah ya so," bai ƙara komawa ba. Yayana ya ɗauko shi ya kawo gidansa a unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi, tun da ba zai zauna gidan suruki ba. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin bango, a nan yake wuni. Kullum ina zuwa da abin da yake so, kwaɗon zogale ko kunun gyaɗa, ya ɗan taɓa ya ture. Bai yi kuka ba, bai zargi kowa ba. Wuyansa ya yi siriri, hularsa ta fara yi masa yawa. Abin da na ji tsoro ke nan tun farko, ga shi ina kallon sa yana faruwa a hankali, ba ni da abin yi. Maigida ya aike ni in ce wa Baba ya ba shi tasa garkar. Baba ya ce a gode masa, ya juya fuska bango.

Kaka ta wuce, sanyi ya wuce. Maigida ya rage magana, ya fara fita tun da sassafe, yana dawowa da yashi a aljihu da kanta a tafin hannu. Awon hatsi ba ya sa kanta. Wata safiya na bi shi Jiratawa. Na same shi a tsakiyar garkar Baba da burweti, wato baro, da felu, shi da wasu ƴan aiki, sun riga sun buɗe wani sashe mai dama, baƙar ƙasa ta leƙo. Ya tone gindin mangwaro ɗaya bayan ɗaya, wasu har sun yi toho. Yashin kuwa yana turawa yana juyewa a inda digi ya ɓalle.

Ya gan ni, ya share gumi ya ce, "Kar ki hwaɗa mishi."

Na ce, "Ka san garkar wa kake ciki da felu, ba izni?"

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa."

Na dawo da sabuwar fargaba. Mutumin da ya hana ƴarsa zuba buhu a kan iyaka, yaya zai ji in an ce suruki na tsakiyar garkarsa yana haƙa? Zai iya ɗauka an gaje shi tun yana da rai, kuma a yadda yake, wannan kaɗai ya isa ya ƙarasa shi. In kuma na yi shiru, ga bazara ta matso, gajimare ya fara taruwa a kudu, digi na nan a buɗe, Baba na narkewa a gindin bango. Na yi ta juya abin har na daina gane wanne ya fi muni.

Wata la'asar na je Zariya, na zauna a bakin tabarmarsa. Na faɗa masa komai a dunƙule, da sauri, idona a ƙasa.

Can ya ce, "Mangwaron hwa?"

Na ce, "Wasu sun yi toho, Baba."

Sannan ya ce, "Yashin da shike kwashewa, ina shike kai shi?"

"Cikin ɓarakar digi shike zubawa."

Baba ya ɗago kai ya dube ni ido cikin ido, abin da ya daɗe bai yi ba.

Ya ce, "Yashi? Cikin digi? Ruwan hwarko za ya tahi da shi. Laka ake sawa, a daɓe, a sa wata, a daɓe, kana dutse ya biyo. Ki hwaɗa ma mutumin naku..."

Ya tsaya. Ya dafa bango, ya yunƙura, gwiwoyinsa na ƙara, ya miƙe tsaye.

Ya ce, "Bari. Miƙo mini takalmina, ki tsaida kabu-kabu. Ni za ni hwaɗa mishi."